Mu Daina Raina Akuya: Magana a Kan Sabulun Dahuwa

'Yan'uwa fatake, dillalai, 'yan kore da masu motoci: A wannan fitowa sabulu muka ɗauko, kuma mun san akwai wanda zai ga kan maganar ya ja tsaki, ya ce me ya haɗa falken shanu da tukunyar sabulu. To a yi haƙuri a karanta har ƙasa, sa'an nan a ja tsakin in da sauransa.

Kowa a cikinmu ya san sana'ar nan tamu tana rataye ne a kan abu biyu da ba su a hannunmu, wato iyaka da canji. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai a Disamba na 2020. A 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai a ƙarshen Yuli, aka sake garƙame hanya, aka yi wata bakwai da ɗoriya kafin a buɗe ta a Maris na 2024. A cikin wannan tsakani ne naira ta faɗi warwas, har mutum ya sayar da sa a Jibiya ko Illela ko Maigatari, ya ga kuɗi sun cika jaka, ya je wurin ɗan canji ya dawo da sefar da ba ta kai uwar kuɗi ba. A 2025 kuma, gab da babbar Salla, daga gida aka hana fitar da dabbobi. Dattawanmu suna tuna Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi: ta yi mana daɗi wajen sayarwa, ta ƙona mu wajen sayen kayan masarufi, har da sabulun wanka. Duk ranar da irin wannan ta faɗo, shanu suna tsaye a turke suna cin dusa da harawa da kuɗinmu, kullum suna ramewa, mu kuma muna zaune bakin kara muna sauraron rediyo. A irin waɗannan watanni, a tsakani da Allah, me ke riƙe cefane a gidajen da yawa daga cikinmu? Awakin mata ne. Ita ce za ta ce a kai bunsurun nan kasuwa, ita ce za ta fitar da kuɗin adashe. Haka aka gani a farin 1973 zuwa 1974, haka aka gani a na 1984: garken shanu ya ƙare, akuya ta ci ganyen ƙaya ta tsallake, kuma da ita mutane da dama suka sake tada kiwo.

Amma da hanya ta buɗe sai mu manta. Akuya a wurinmu ciko ce, abin da ake turawa a cike gurbin da ya rage a mota. Alhali kuwa jar akuyar nan ta Maraɗi da Sakkwato ba ƙaramar dukiya ba ce. Fatarta ce aka yi ta ɗauka a kan raƙuma ana ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Tun a shekarun 1960 hukuma ta kafa cibiya a Maraɗi musamman don kare irinta. Cikinta wata 5 ne, tagwaye a wurinta ba abin mamaki ba ne, kuma in ta sami ci tana ba da kimanin rabin lita na madara a yini. A karkara ana dama fura da nononta, a arewa ana yin cuku, amma a cikin gari mutane da yawa suna ƙyamar ƙarninta, ga shi kuma madara ba ta kwana a zafin nan namu. Abin da aka tatsa da safe in ba a sha ba, kafin la'asar ya juya.

Nan ne maganar sabulu ta shigo. Sabulun madarar akuya abu ne da ya daɗe da samun kasuwa a Turai da Amurka, kuma a biranenmu ma masu hali suna nemansa a kantuna. Abin da muke so 'yan ƙungiya su fahimta shi ne, sunan kawai na akuya ne, amma jikin sabulun mai ne da kitse. A tukunya ɗaya mai kilo 1 na mai, madarar da ake bukata ba ta wuce giram 150 ba, wato lita ɗaya ta ishi tukunya shida har da saura. Kitse kuwa shi ne ƙashin bayan abin, shi ke sa sabulu ya yi tauri ya daɗe bai narke ba. To kitsen nan daga ina yake fitowa? Daga shanun da mu muke kaiwa mahauta. Ba mu ce zubar da shi ake yi ba, masu tsire da masu balangu suna ɗauka, amma kowa ya san ranar da aka yi yanka da yawa yadda yake kwantai a kan teburin mahauci. Wato ke nan abu biyu mafi muhimmanci a wannan sana'a, ɗaya yana ɗaure a bayan ɗakin matanmu, ɗayan yana wucewa ta hannunmu kowace ranar kasuwa, ba mu taɓa haɗa su ba.

Hanya biyu ake yin sabulu da soda. Akwai ta sanyi, wadda ake haɗa mai da ruwan soda a zuba a mazubi a bar shi ya nuna da kansa, sa'an nan a jira sati 4 zuwa 6 kafin a taɓa shi. Akwai kuma ta dahuwa, wadda ake ɗora haɗin a wuta a dafa shi har sodar ta gama cin man tun a cikin tukunya. Ra'ayinmu shi ne ta dahuwa ta fi dacewa da mu, kuma muna da dalilai. Na farko, jarin talaka ba ya jure zaman wata ɗaya da rabi a kan katako. Sabulun dahuwa in ya kwana ɗaya ko biyu ya daskare, ana iya wanka da shi, ko da yake ya fi kyau a bar shi ya sha iska sati ɗaya ko biyu. Na biyu, matanmu ba baƙin dafa sabulu ba ne. Sabulun salo da kakanninmu ke yi da ruwan toka da mai, ai dafa shi ake yi, ana tuƙawa ana kallon yadda yake juyawa. Bambancin kawai shi ne ruwan toka yana ba da sabulu mai laushi, soda kuma tana ba da mai tauri wanda ake yankawa. Hannun da ya san tuƙin tuwo da na sabulun salo ba zai sha wuyar wannan ba. Kuma kada wani ya ɗauka dahuwa hanyar ƙauye ce: sabulun Halab na ƙasar Sham, da na Nabulus a Falasɗinu, da na Marsai a Faransa wanda duk mun san shi a shagunanmu, dukkansu dafa su ake yi tun ɗaruruwan shekaru. Na uku, kuma wannan shi ne babba a wurinmu, a hanyar dahuwa kana iya gwada sabulun tun yana tukunya ka san ko sodar ta mutu ko tana nan da ranta, kafin ya kai ga fatar ɗan wani.

Ga yadda ake yi, ga wanda zai karanta wa iyalinsa. Da farko a gyara kitsen. A nemi na dabbar da aka yanka, ba na mushe ba, kuma na wajen ƙoda ya fi tauri da tsabta. A yayyanka shi ƙanana, a sa masa ɗan ruwa da gishiri, a narkar da shi a wuta marar ƙarfi, a tace da ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya daskare. In ya daskare a ɗaga shi a kankare dattin da ya kwanta a ƙasansa. In har yanzu yana ƙarni a maimaita. Wanda ya yi kasala a nan, sabulunsa zai riƙa warin mahauta, kuma babu turaren da zai rufe shi.

Sa'an nan a auna: kitse giram 400, man gyaɗa giram 250, man kwakwa giram 200, man kaɗanya giram 150. Jimla kilo 1 ke nan. Soda giram 140, ruwa giram 230, madarar akuya sabuwar tatsa wadda aka tace giram 150. Kowane mai da aikinsa. Kitse tauri, man kwakwa kumfa, man gyaɗa da na kaɗanya laushin fata. Sodar da aka faɗa an rage mata kimanin kashi 5 cikin 100 da gangan, don ɗan mai ya rage a cikin sabulun wanda ba ta ci ba, kada ya busar da jiki.

A nan za mu tsaya mu ja kunne, domin nan ne mutanenmu ke ɓata abin. Mun saba da awon tiya da gwangwani da murfin kwalba, da "ɗan ƙara kaɗan". Soda ba ta san wannan ba. Kowane mai yana da yawan sodar da yake ci: kilo 1 na kitsen saniya yana cin kimanin giram 143, na man gyaɗa 137, na man kaɗanya 128, na man kwakwa kuwa har 183. Saboda haka in mace ta je kasuwa ba ta sami man kwakwa ba, ta ce bari in cike da man gyaɗa ai duk mai ne, ta bar sodar a giram 140, to ta riga ta wuce iyaka, domin haɗin nata bai fi ƙarfin giram 138 ba. Ragowar sodar nan ba ta da man da za ta ci sai fatar mai wanka. Duk wanda ya canza mai, ya sake lissafi. Kuma soda tana shan laima daga iska, in an bar bakin ledarta a buɗe sai ta jiƙe ta yi nauyin ƙarya, awo ya lalace.

Tukunya ma abin lura ce. Tukwanen nan da maƙera ke zubawa da alminiyom, waɗanda ke kowane gida, haramiyar soda ce: tana cin su, tana fitar da iska mai kama wuta, sabulun kuma ya yi baƙi. A sami tukunyar ƙarfe marar tsatsa, ko langa mai fenti wadda fentinta bai ɓare ba, kuma ta zama babba, yadda haɗin ba zai wuce rabinta ba, domin yana tasowa. Muciya da tukunya da robar awo duk a keɓe su, kada su sake komawa ɗakin girki.

A waje za a jiƙa sodar, inda iska ke kaɗawa, da safar hannu ta roba da tabarau, yara kuma an kore su. Soda ake zubawa a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana juyawa. Kada a kuskura a zuba ruwa a kan soda, tana iya tafasa ta fantsamo a fuska. Ruwan zai yi zafi da kansa har ya kusa tafasa ba tare da wuta ba, yana fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro. A kau da kai, a bar shi ya huce. Wannan zafin ne dalilin da ya sa ba mu ce a jiƙa sodar a cikin madara ba. Madara tana da sukari a cikinta, in soda ta same ta kai tsaye sai ta ƙone ta koma ruwan goro, ta guntse, ta yi wari. Masu firji suna daskarar da madarar ta zama ƙanƙara kafin su zuba soda a kanta. Mu da wutar lantarki ba ta da tabbas, hanyarmu ita ce a jiƙa soda a ruwa, madara ta shigo daga baya.

A narkar da kitsen da sauran man, a sauke su huce har hannu ya iya jure jikin tukunyar. A zuba ruwan sodar a hankali ana tuƙawa. Da muciya abin yana ɗaukar lokaci, rabin awa ko fiye, sai an yi haƙuri. Alamar ya haɗu ita ce ya yi kauri kamar koko, in ka ɗaga muciya ka ɗiga a sama, ɗigon ya tsaya ya bar shaida kafin ya nutse. A nan za a zuba giram 100 na madarar a juya, a ajiye giram 50. Sai a ɗora a wuta, amma ba kai tsaye ba: a sa tukunyar sabulun cikin wata babba mai ruwa, a kan murhun gawayi mai ɗan garwashi, a rufe. Wutar kara ko ta itace mai harshe za ta ƙona ƙasan. Kowane minti 10 a buɗe a juya. Da farko zai yi kamar ya tsinke, mai yana kwance a gefe, kada a tsorata. Daga nan zai taso yana kumbura, a juya shi ya sauka. A ƙarshe, bayan kamar minti 45 zuwa awa ɗaya, zai koma sulɓi yana ƙyalli kamar basilin, yana ɗaguwa kamar tuwo mai laushi. To ya nuna, ko ya kusa.

Gwaji kuwa, masu sana'ar sukan ɗebi ɗan kaɗan su bar shi ya huce, su shafa jiƙaƙƙen yatsa a kai su taɓa bakin harshe. In ya yi tsirit kamar yadda batir ke yi wa harshe, da sauran soda, a ci gaba da dahuwa. In ɗanɗanon sabulu kawai aka ji, ya yi. Wanda ya sami takardar gwaji irin ta masu magani ya fi, ya ga ta tsaya tsakanin 9 da 10. Sai a sauke, a bari ya ɗan huce, a zuba ragowar madarar don ya saki, a sa turare in ana so. Wannan ma wata riba ce ta dahuwa, domin sodar ta riga ta mutu ba za ta cinye ƙamshin ba. A kwashe da sauri cikin akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda, a bubbuga shi a ƙasa iska ta fita, a bar shi ya kwana. Washegari a yanka da siririyar waya, a jera a inuwa. Da hunturu yana bushewa nan da nan, da damina sai an ƙara masa kwanaki. Tukunya ɗaya tana ba da guda 13 ko 14 masu giram 100. Launinsa zai fito kamar shayi da madara, samansa kuma gurnin-gurnin, ba sumul kamar na kamfani ba. A kwanakin farko yakan yi wani ɗan wari kamar na garken awaki, wannan daga madarar ne, yana gushewa.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Ruwan soda kamarsa ɗaya da ruwan sha, ba launi ba wari. Likitoci a ƙasashen Afirka ta Yamma sun daɗe suna kuka a kan yaran da ake kawo musu sun sha shi, kuma mafi yawa a gidajen da ake sana'ar sabulu ne, an jiƙa an ajiye a kofi ko a kwalbar lemo, yaro ya dawo daga wasa da ƙishirwa. Yana ƙona maƙogwaro, in ya warke kuma hanyar abinci ta tsuke, yaro ya zama ko kunu ba ya wucewa sai an yi masa aiki, wani kuma ba ya tashi. Wallahi duk ribar sabulun duniya ba ta kai wannan ba. Saboda haka kada a jiƙa soda a ajiye don gobe, kada a zuba ta a abin da ake shan ruwa da shi, kuma busasshiyar a kulle ta inda ake kulle kuɗi. In ta taɓa fata ko ido a yi ta kwarara ruwa na tsawon minti 15 zuwa 20. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko ruwan tsamiya, a ruga da shi asibiti. Gidan da maigida ba zai iya tsayawa a kan wannan ba, gara kada a fara.

Mun san abin da za a ce. Za a ce wannan aikin mata ne. E, nasu ne, kuma akuyar ma tasu ce, madarar tasu ce. Shari'a ta ba mace dukiyarta, ba ta zama ta miji don yana ciyarwa. Abin da ya rataya a wuyanmu shi ne kitse, da ɗan jari, da hanya, domin mu ne kullum muke tsakanin Dakwaro da Maraɗi da Ƙonni da Gaya, mun san masu shaguna, mun san direbobi. Wanda zai shigo don ya karɓe cinikin ya sa a aljihu, ya bar mace da hayaƙi, to ya bar mata abinta, ba shi muke wa magana ba.

Za a ce kuma sabulun kamfani ya fi araha. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce zai kara da kamfani a sabulun wanki zai karye. Kamfani yana sayen mai da tanka, mu da kwalba. Inda muke da wuri shi ne sabulun wanka. Lokacin da soda ta ci mai, ana samun wani abu mai laushi da ake kira gilisirin, wanda kamfanoni sukan cire su sayar daban, a sabulun gida kuwa yana nan ciki. Da shi da man kaɗanya da maiƙon madara, su ne ke sa fata ba ta yin furu-furu bayan wanka, musamman da hunturu. Mai neman wannan a birni zai biya fiye da kuɗin sabulun wanki. Ba za mu rubuta farashi a nan ba, domin na man gyaɗa a Madawa daban, a Damagaram daban, kuma kafin wannan takarda ta isa hannu ya canza. Kowa ya yi lissafinsa, ya sa har da gawayi da leda da wahalar mai tuƙi, ya raba gida 13. In bai fita ba a garinsa, kada ya yi. Kuma kada mu ruɗi kanmu: tukunyar sabulu ba za ta maye motar shanu ba. Kuɗin cefane ne da na makarantar yara a watannin da hanya take rufe, kuma kaya ne da ba ya cin dusa, ba ya ramewa, ba ya mutuwa a turke.

Akwai masu tsoron za a kwashe madara a bar 'ya'yan awaki da yunwa. Wannan tsoro yana da tushe in aka yi haɗama. Dakashi da madarar makonnin farko na ɗan akuya ne, ba a taɓawa. Bayansa sai yaran gida, domin madarar da yaro zai sha ta fi wadda zai yi wanka da ita amfani, nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne na sabulu, kuma mun riga mun nuna bai taka kara ya karya ba: tatsar yini biyu ta akuya ɗaya ta ishi tukunya shida. Akuyar da hantsarta ke ciwo, ko madararta ta fito da gudaji ko jini, a bar ta a nemo mata malamin dabbobi.

Sai maganar gaskiya a ciniki, wadda mu dillalai ake yawan zarginmu da rashinta. Sabulun nan yana wanke jiki, yana da laushi, iyakarsa ke nan. Kada a rubuta a takardarsa cewa yana maganin makero da kyasbi da ƙuraje, ko yana mayar da tsohuwa yarinya. Kada a zuba masa sinadaran nan na bilicin don a jawo 'yan mata, suna lalata fata, wasu har ƙoda suke taɓawa. In madarar gari aka sa a faɗa, in babu madara sam kada a kira shi na akuya. In an ce giram 100 ne ya zama 100 bayan ya bushe, ba ranar da aka yanka shi ba, domin yana raguwa. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san sura guda aka saukar da sunan masu tauye awo. Ƙetare iyaka da shi kuma wani babi ne: a Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar irin waɗannan kaya, ga kuma duwan a namu ɓangaren. Kada wani ya cusa kwali a ƙarƙashin harawa a motar shanu, a kama shi, ya jawo a tsare dabbobin mutane kwana uku a rana saboda sabulu. A fara da kasuwar gida.

Abin da muke roƙon shugabannin ƙungiya ba shi da yawa. Kowane reshe ya sayi ma'auni ɗaya mai nuna giram ɗaya-ɗaya, irin mai batir, ya zama na kowa. A sayi soda buhu guda a ajiye wurin ma'aji a kulle, a riƙa ba da ita a aune, giram 140 a ƙulli, da jan rubutu a jiki, yadda ba za a sami ragowa tana yawo a gidaje ba. A zauna da sarkin fawa na kowane gari a yi magana a kan kitsen ƙoda, a san ranar ɗauka da yadda za a biya. A ɗauki nauyin mace ɗaya a kowane reshe, wadda ta riga ta iya sabulun salo, ta koyi awon soda a hannun wanda ya iya, ita kuma ta koya wa sauran. Mu kuma dillalai mu rage wannan ɗabi'a ta lallashin mace ta sayar da jar akuya mai ciki ko mai shayarwa don kawai mota ta cika, mu karɓi la'adar da ba ta kai kuɗin goro ba. Bunsuru da taure sun ishe mu ciko.

Muna so a sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a zama na gaba, kuma kowane wakili ya zo da farashin kitse da na man gyaɗa da na man kaɗanya na garinsa a rubuce, a yi lissafin tukunya ɗaya a gaban kowa. Wanda ke da ja a kan awon da muka bayar, ko matarsa ta gwada ta ga wani abu daban, ya rubuto wa sakatare a buga a fitowa ta gaba.